Duron Shu'aibu Mai Faiba

Yayana Shu'aibu bai taɓa cin ƙosai bai fasa shi ya leƙa cikinsa ba. Tun muna yara haka yake. Innarmu takan ce gadon kakanmu ne, wanda ya zo Jos zamanin haƙar kuza aka ɗauke shi gadi a ƙofar kamfani, aikinsa laluben aljihun leburori idan an tashi. Wai har tsohon ya rasu, in baƙo ya yi masa sallama zai tafi sai ka ga idonsa ya sauka kan aljihun baƙon. To Shu'aibu ya ɗauko idon nan bai rage komai ba. In ka gaishe shi da fara'a, zai wuni yana tunanin abin da kake nema a wurinsa. In ka gaishe shi a daƙile, ya gano ka ke nan.

Mutum ɗaya ne a duniya idon bai taɓa sauka a kansa ba, shi ne amininsa Uzairu. Yadda ya zo ya sauka ɗin nake so in ba da labari, don har yau abin yana ci mini rai, kuma ni ce ƙanwar da aka kira bayan an gama ɓarnar.

A wani gareji da ke Titin Bauchi suka haɗu suna samari, suna koyon gyaran jikin mota. Daga baya suka koma aikin faiba suka kama shago a Laranto, bayan tashar mota. Faiba zaren gilashi ne fari da ake sayarwa a naɗe kamar tabarma. Akan shimfiɗa shi kan abin da ya fashe, a jiƙa shi da rezin, wani ruwa mai kaurin zuma da warin da ke hawa kai, in ya daskare sai ya zama kamar ƙashi. Da shi suke ɗinke bambar manyan motoci, da rufin keke mai ƙafa uku, da tsofaffin tankunan ruwa, da bahon wanka na otal. Amma rezin ba ya daskarewa sai an ɗiga masa hadana, wani ruwa garai-garai da ke zuwa a 'yar kwalba. Nan suka raba aiki ba tare da sun zauna sun raba ba. Shu'aibu ne mai haɗi, shi ya san ɗigon da ya dace da ranar zafi da wanda ya dace da safiyar da sanyin Jos ke sa yatsu su ƙage. Uzairu ne mai hannu. In ya bi faiba da buroshi ba ka ganin kumfar iska ko ɗaya, in ya goge ya fesa fenti sai mai mota ya rasa inda aka yi gyaran.

Kwalbar hadana kuwa a aljihun gaban rigar Shu'aibu take zama, ko masallaci zai shiga. Na sha gaya masa abin nan ba na sawa a jiki ba ne, yana ƙona fata, yana iya kama wuta. Ya ce ya gwammace ta ƙone shi da ta kwana a inda bai gani ba.

Uzairu shi kuma Allah ya yi shi da sakin jiki har abin yana ba ni haushi. Babur ɗinsa da makulli a jiki yake barinsa. An cuce shi ba sau ɗaya ba, ya ce wanda ya ci ya fi shi buƙata. Shi kaɗai ke yi wa Shu'aibu dariya a kan halinsa ya kwashe lafiya. Kwano ɗaya suke ci da rana, tuwon da Kubra matar Shu'aibu ke aikowa, kuma na gani da idona Shu'aibu yana sa hannu a gefen Uzairu ba tare da ya tona ba. Uzairu bai taɓa kiransa da sunansa ba, ɗan'uwa yake ce masa.

Ni kemistiri nake koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, don haka abin da suke yi da hannu ni a allo nake zana shi. Cikin rezin akwai ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, kowacce ta harɗe hannuwanta tana zaune lafiya. Hadana in ta shiga sai ta tsage biyu, kowane ɓari ya fito da hannu ɗaya wofi. A littafi radikal ake ce masa, ni gwauro nake ce wa ɗalibaina, don ba ya iya zama shi kaɗai. Yakan cafke ƙwayar da ke kusa ya ɓalle mata harɗe, ya riƙe hannunta ɗaya. To ɗayan hannun nata ya zama wofi ke nan, ita ce ta zama gwauron, sai ta cafki ta gaba. Haka abin ke bi daga wannan zuwa waccan, dubbai, har su sarƙe su zama abu guda. Shi ya sa ɗan kaɗan yake isa. Kuma in sun sarƙe an gama, babu ruwan da ke maido su. Na taɓa yi wa Shu'aibu wannan bayani da salla. Ya saurara tsaf, bai riƙe komai ba sai cewa ɗigo kaɗan yana iya kashe duro guda, ya kuma ƙara dafe aljihunsa.

Bara da damina suka samu aikin shafe wasu tafkunan kifi na siminti, aiki mafi girma da suka taɓa samu. Maimakon galan-galan da suka saba saye, sai suka ɗauko duro guda cur daga wurin Ogochukwu, matar da ke sayar musu da kaya tun farkon buɗe shagonsu. Duron nan ya hana Shu'aibu barci. Ya kankare layi da ƙusa a sandar da yake auna shi, kullum da safe ya zura ya duba, kullum kuma ya ga kamar ya ragu fiye da aikin jiya. Ya zargi mai facin taya na gefensu. Ya zargi mai gadin tasha. Daga ƙarshe ya ce duron ba zai ƙara kwana a shago ba.

A bayan layinsu akwai wani ɗan sito marar taga, ƙofar ƙarfe ɗaya, bangonsa na baya haɗe da gidan burodi. Shu'aibu ya kama shi, ya gangara duron ciki, ya jingina shi da bangon can ƙurya don kada a hango ta ƙasan ƙofa, ya sayo kwaɗo mai ruwan tagulla ya datse. Ya zo gidana yana yabon kansa. Ya ce masu burodi ba sa barin wurin, ɓarawo ba zai samu sarari ba. Ya ce kuma ga wani alheri, ɗakin da ɗumi, rezin ɗin yana fitowa tsululu yana shiga faiba ba gardama, yana kuma kamawa da wuri duk da sanyin Agusta. Ina girki lokacin, na ce masa madalla. Bai ce mini bayan tanda ba ne, ni ma ban tambaya ba.

Makulli ɗaya ne, a wuyan Shu'aibu. Sau ɗaya tak ya bar hannunsa. An yi mana rasuwa a Bauchi, dole ya je ya kwana biyu, aiki kuma ba zai tsaya ba. Kubra ta ce ya daɗe tsaye a tsakar gida da makullin a tafin hannu kafin ya kai wa Uzairu, har da kwalbar hadana.

Bayan dawowarsa aikin ya tsaya na ɗan lokaci, mai tafkunan yana jiran siminti ya gama bushewa a sauran. Ranar da za su koma, Shu'aibu ya buɗe duro ya zura sanda, sanda ta ƙi shiga. Ya danna ta nutse da ƙyar, ta fito da wani abu yana rawa kamar kafaffen koko. Kafin mako ya zagayo ko ƙusa ba ta shigarsa. Fiye da rabin duro ya zama dutse.

Ogochukwu ya fara zuwa wa, da cewa tsohon kaya ta sayar musu. Ba ta yi masa gardama ba. Ta kai shi sitonta mai sanyi, ta buɗe duron da suka zo tare da nasa a mota ɗaya, ta karkata shi ya zuba kamar zuma. Ta ce, "Oga Shu'aibu, kayana ba shi da matsala. Ka duba wajenka." Da wannan kalma ya dawo Laranto, yana juya ta a ransa. Ƙofa ba a fasa ba. Kwaɗo lafiya lau. Rezin ba ya daskarewa sai da hadana. Makulli da hadana kuwa sun taɓa haɗuwa a hannun mutum ɗaya.

Bai yi magana nan da nan ba, kuma da ya yi da ya fi. Sai ya shiga tara hujja. Ya tuna wani direba ya taɓa cewa ai hannun Uzairu ake bi ba shagon ba. Ya tuna Uzairu ya tsaya hira da mai tafkunan su biyu. Ya ɗaga kwalbar hadana a rana yana ƙoƙarin tuna inda ta tsaya kafin tafiyarsa. Ya gama tsara wa kansa cewa Uzairu so yake aikin ya lalace a hannun Shu'aibu, shi ya ware ya karɓe shi. Da ɗan gari akan ci gari, in ji shi. Kwano ya zo da rana, ya ce ya ƙoshi. Washegari ma ya ce ya ƙoshi. Uzairu yana ta tsokanarsa ko azumin nafila ya tsira.

Ranar da abin ya fashe, bayan la'asar ne, maƙwabtan layi suna zaune a kan benci. Shu'aibu ya fito da guntun daskararren rezin ya ajiye a gaban Uzairu, ya ce a gaban jama'a yana so ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani cewa bai zuba komai a duron ba. Waɗanda ke wurin sun ce Uzairu ya fara dariya, ya ɗauka wasa ne, sai ya dubi fuskar Shu'aibu dariyar ta tsaya.

Ya ce, "Ɗan'uwa, ni za ka sa in dafa?"

Shu'aibu ya ce in bai yi ba mene ne abin tsoro, mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as.

Uzairu ya ce, "Ban zuba ba. In sai na rantse za ka yarda, to ba na rantsewa."

Ya shiga shago ya tattara buroshinsa da abin gugarsa a buhu, ya ɗaure a bayan babur. Dattawan layi suka yi ta ba da baki, ya hau babur ɗinsa ya tafi. Shu'aibu kuwa ya juya ga mutane ya ce sun dai gani da idonsu, ya ƙi rantsuwa.

Sai bayan haka Kubra ta kira ni tana kuka, ta ce mutumin ya daina cin abincin kirki, kuma wanda ya ɗauko ya maye gurbin Uzairu aikinsa duk kumfa. Na je Laranto ranar Asabar na ce a kai ni in ga duron. Ya buɗe mini da ƙyar, yana tsaye a bakin ƙofa yana kallon hannuwana. Ina shiga zufa ta keto mini, alhali a waje ruwa ake tsugawa ina sanye da rigar sanyi. Na miƙa hannu bayan duron na dafa bango, na janye ba shiri. Na tambaye shi me ke bayan bangon nan daidai, ya ce tandar burodi.

Na yi masa bayani a hankali, don na san da wanda nake magana. Na ce rezin ko ba hadana yakan haifi gwauraye jefi-jefi da kansa. Masu yin sa sun san haka, shi ya sa suke zuba masa wani sinadari kaɗan mai aikin gadi, duk gwauron da ya ɓullo ya kama shi kafin ya cafki kowa. A wuri mai sanyi gadin yakan kai watanni. Amma zafi yana sa gwauraye su yi ta fitowa ba ƙaƙƙautawa, mai gadi kuwa kowane kamu ɗaya da ya yi yana raguwa. Ranar da ya ƙare babu mai tsayar da su. Na ce saurin kamawar nan da yake yabo, alamar ke nan tun lokacin. Na ce ba wanda ya zuba komai, bangon nan ne ya dafa masa duro.

Ya dube ni, sannan ya ce, "Uzairu ya je wurinki ne?"

Ban taɓa jin zuciya ta taso mini irin ta ranar ba. Na ce masa, Yaya, uwa ɗaya ta haife mu, in ni ma dafawar zan yi a kawo Alƙur'anin. Na ce tunda ba ya yarda da bakin kowa, gani ya kori ji: ya sayo sabon rezin, ya cika kwalba biyu, ya jingina ɗaya da bangon nan, ya ajiye ɗaya a wuri mai sanyi, ya jira. Na ɗauki jakata na fita cikin ruwa ko sallama ban yi masa ba.

Ashe ya yi. Amma irin yinsa. Bai saya wurin Ogochukwu ba, kada ta san abin da ake ciki. Bai gaya mini ranar ba, kada in je in yi wani abu. Ko Kubra ba ta sani ba, sai da ta ga kwalba a ƙarƙashin gado ta tambaya ya ce ba ruwanta. Shi kaɗai ya cika, shi kaɗai ya toshe bakinsu da kakin kyandir ya danna babban yatsansa a kai, shi kaɗai ya datse sito. Makonni yana zuwa yana karkata kwalbar bango. Ta fara nauyin gudu, ta koma rawa, wata safiya ya kifa ta ba abin da ya motsa. Ta ƙarƙashin gado kuwa tana nan tana zuba. Kakin bai taɓu ba, shatin yatsansa na nan. Ya nemi wanda zai zarga a duniyar nan ya rasa.

Ya zo gidana da kwalaben a leda. Ban taɓa ganinsa haka ba, kamar an zare masa laka. Ya ce in raka shi wurin Uzairu in yi bayanin gwaurayen nan, shi bakinsa ba zai iya ba. Na ji tausayinsa ƙwarai, na kuma ji daɗi, don na ɗauka ƙarshen abin ya zo. Uzairun da na sani ba ya riƙo.

Uzairu ya kama rumfa a Titin Bauchi, ba nisa da garejin da suka fara. Mun same shi yana goge rufin keke. Ya tashi ya ba mu benci, ya gaishe ni da Malama kamar kullum, ya juya ya ce, "Malam Shu'aibu, sannu da zuwa." Na yi bayanina tun daga bango har mai gadi. Shu'aibu ya fito da kwalaben, ya kifa ta farko ta zuba, ya kifa ta biyu ta tsaya cik. Ya ce shi ya kashe duronsa da hannunsa, ya zalunci Uzairu, yana roƙon gafara, kuma zai tara mutanen da aka yi abin a gabansu ya faɗa. Ya miƙa masa kwalbar.

Uzairu bai karɓa ba. Ya sunkuya ya dube ta daga inda yake, hannuwansa a baya. Ya ce ya ji labari aikin tafkunan ya tsaya, mai su ya ce sai an dawo da mai hannun farko. Shu'aibu ya ce haka ne, amma ba shi ya kawo shi ba.

Uzairu ya ce, "Wa ya ga lokacin da ka cika su?"

Shu'aibu ya waiwayo ya dube ni. Da na gani da na faɗa, amma ban gani ba, ba kuma wanda ya gani, shi ya tabbatar da haka da kansa.

Uzairu ya ce, "Ɗigo kaɗan ya isa. Kai ka sha gaya mini."

Shu'aibu ya miƙe tsaye, ya ce a ba shi buta ya yi alwala, a kawo Alƙur'ani ya dafa.

Uzairu ya ce, "Ni ba na sa mutum rantsuwa. Na yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Ya ɗauki abin gugarsa ya koma kan rufin keken.

Muka ɗan ƙara zama. Mai abinci ta kawo masa shinkafa, ya ce ta ƙaro faranti biyu ta zuba wa baƙi nasu daban. Ba mu iya ci ba. Da muka yi sallama ya raka mu bakin titi, amma sai da ya koma ya zare makullin babur ɗinsa tukuna.

A cikin keke Shu'aibu ya rungume ledar kwalaben a cinya, yana kallon waje. Sai da muka kusa Laranto ya yi magana, bai juyo ba.

Ya ce, "Kin ga galan ɗinsa a ɗaure da sarƙa?"

Na ce na gani.

Ya ce, "Kwaɗon irin nawa ne."